Sawu a Ƙofar Siton Riɗi

Da a ce intanet ɗin ofis ɗin gaba ɗaya ne ke ɗaukewa, da ba wanda zai ɗaga kai. A Umdurman wuta na ɗaukewa, ruwa na ɗaukewa, mutum ma a wancan zamani yakan fita sayen burodi ya ɗauke, a yi wata ba a ji ɗuriyarsa ba. Abin da ya tayar da hankalin ma'aikatan Haj Salih shi ne kwamfuta ɗaya tak ke mutuwa, laftof ɗin Mawahib, wadda da ita ake tura takardun riɗi da zoɓorodo ga masu saye a Jidda. Sauran suna aiki lafiya lau. Kuma duk sanda ta mutu sai ta fito da ɗan saƙo a ƙasan allo, wai akwai wata na'ura a gidan mai ɗauke da lamba irin tata.

Shekarar da ta biyo bayan zanga-zangar kuɗin mai ce, lokacin da mutum ke duba bayansa kafin ya tsine wa tsadar sukari. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kafin mako ya zagayo kowa a ofis ɗin ya gama yanke hukunci: an dasa musu na'urar leƙen asiri, kuma ɗan gida ne ya dasa ta. Ranar da takardun wani kaya suka makara har jirgi ya tashi ya bar shi a tashar ruwa, sai aka daina raɗa, aka fara kiran suna. Sunan Ishaku ne, mai awon buhuna, ɗan unguwar Umbadda.

Laifinsa a wajensu guda biyu ne. An kama shi a zanga-zangar, aka sako shi da wuri alhali waɗanda aka kwashe su tare suna can. Sannan ya koyi ɓacewa a lokacin fatur, karin kumallon hantsi da kowa ke sa hannu a tire ɗaya. Mu Hausawan Umdurman muna yafe wa mutum abubuwa da yawa, amma wanda ya janye hannunsa daga tire ba dalili, sai mun san dalilin.

*

Ranar Laraba aka kira Gwadabe.

Mutum ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, siriri, mai saurin gumi, yana zaune a unguwar Hajj Yusuf, yana gyaran kwamfutoci da haɗa layin ofisoshi. Ubansa mai bin sawun ɓarayin shanu ne a gonakin Jazira, kuma ya bi shi daji tun yana ƙarami kafin makaranta ta janye shi zuwa birni. Abin da ya rage masa daga wancan gado shi ne muguwar ɗabi'ar kallon ƙafafun mutane kafin fuskarsu. Matarsa ta sha yi masa faɗa a kan haka, ta ce wata rana sai an mare shi a gidan biki.

Ofis ɗin tsohon gidan zama ne a bayan kasuwa, kusa da layin masu kayan yaji. Ɗakuna uku a gaba, tsakar gida ta ƙasa a baya, rumfar sikeli a kusurwa, sai siton ajiye samfurin riɗi. Haj Salih ya tarbe shi a ɗakinsa. Dattijo ne mai farin gemu, jikan wani alhaji da ya baro Haɗeja a ƙafa ya tsaya a bakin Nilu bai ƙarasa komawa ba. Yana sanye da markub, takalmin fata na dattawan Sudan, sandarsa jingine da tebur.

"Bashmuhandis, ba gyara na kira ka ka yi ba," in ji shi, yana kiransa da laƙabin da ake girmama injiniya da shi. "So nake ka nuna mini na'urar, ka faɗa mini hannun da ya ajiye ta."

"Ya Haj, in na'ura ce zan same ta. Hannu kuwa, sai abin da na gani."

"Ni na riga na gani." Ya rage murya. "Sau da yawa ina samun yaron nan yana raɓe-raɓe inda ba shi da aiki. Gobe Alhamis bayan la'asar zan tara su in sallame shi. Ban so in yi ba tare da shaidar masani ba, don ina tsoron haƙƙi."

Gwadabe ya san abin da irin wannan sallama ke nufi. Ba aiki kaɗai Ishaku zai rasa ba. In aka kira mutum gawwasa, wato ɗan rahoton jami'an tsaro, a unguwa irin Umbadda, ba mai ƙara zama kusa da shi a raksha, keken haya mai ƙafa uku, ba mai ba shi 'ya, in ya shigo majalisa sai hira ta koma ta ƙwallo. Tausayin yaron da bai ma gani ba tukuna ya kama shi.

*

Mawahib ita kaɗai ce mace a ofis ɗin. Ta juyo masa da kwamfutar, tana aiki kamar ba ita ba.

"Ka ga wulaƙancin? Yau da ka zo ta warke."

"Haka suke, kamar ciwon haƙori a gaban likita. Yaushe take yi?"

"Da hantsi. Maza suna fita gindin bishiya su yi fatur, ni Awadiyya mai shayi tana kawo mini nawa nan. In rufe kwamfutar, in wanke hannu, in ci. Ina buɗewa, halas, ba shabaka, intanet ya ɗauke. Bayan ɗan lokaci kuma ta dawo da kanta."

"Kullum?"

"Ba kullum ba. Wata rana ta yi, wata rana ta ƙyale ni." Ta duba ƙofa. "Ustaz, da gaske ana karanta abin da nake rubutawa? Ina da ƙanwa a jami'a, mukan yi maganganu."

"Kafin in ce miki e ko a'a, bari in gani."

Ya duba ya tarar da lambobin kwamfutocin gidan da hannu aka raba su tun da daɗewa, kowace da tata. Ya tambayi wanda ya yi aikin. Mawahib ta sunkuyar da kai, ta ce da ƙyar, "Ɗan Haj. Ba a faɗin sunansa a nan."

Gwadabe ya san labarin, kowa ya sani. Hussein ɗan Haj Salih yana cikin matasan da suka fita titi. Da jami'ai suka zo nemansa ya riga ya tsallaka Masar. Uban ya tsaya a ƙofar wannan gida, gaban jami'an da mutanen kasuwa, ya ce ba shi da ɗa mai wannan suna. Da haka lasisin fitar da kaya ya tsira, da shi da abincin gidajen da ke ci a ƙarƙashinsa. Wasu sun yaba masa, wasu sun ce zuciyarsa dutse ce.

"Wannan kwamfutar taki bayan tafiyarsa aka sayo ta?"

"E. Wani mai gyara ya zo ya sa mata lamba."

Ya durƙusa gaban akwatin da ke raba intanet, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Kowace ta kai shi tebur, sai guda, mai ruwan toka, da ta haura bango ta bi ta saman rumfar sikeli ta shige sito. Fitilarta a jikin akwatin a mace take.

*

Abdulganiyu akawu, ɗan ƙanen Haj ne, kuma shi ne limamin masu zargi. Mutum ne mai ƙiba da murya, wanda in ya ce zai yi maka raɗa har maƙwabta sai sun ji.

"Ya zol, bawan Allah, wannan ba ta bukatar bincike. An kama mutum goma, an sako ɗaya. Kyauta suke sakin mutane?"

"Ka taɓa ganinsa da na'ura?"

"Gawwasa zai nuna maka na'urarsa?"

"Kai fa, me kake saukewa a kwamfutarka da ya cika ta haka?"

Abdulganiyu ya yi tari. Wasannin ƙwallo ne, tun na shekarun baya, ya tara su kamar mai shirin buɗe gidan kallo. Gwadabe ya ɗan ɓata lokaci a kan wannan hanya, ya ga ba ta kai ko'ina. Ƙwallo tana sa layi ya yi nauyi ga kowa, ba ta zaɓar kwamfuta ɗaya ta kore ta.

"Akwai kuma telan da ke bayanmu," in ji Abdulganiyu, don ya kawar da zancen daga kansa. "Ɗansa ya taɓa roƙon a ba shi layi."

Gwadabe ya zagaya har shagon telan. Ya tarar da tsoho da keken ɗinki na ƙafa, ɗan nasa kuma ya tafi haƙar zinariya arewa tun bara. Ya sha ruwan sanyi, ya yi godiya, ya dawo da gumi.

Da ya nemi a buɗe masa sito don ya bi wayar nan mai ruwan toka, Haj Salih ya ce, ba tare da ya ɗago daga takardunsa ba, "Matacciyar waya ce. Ba komai a can sai buhuna, kuma makullin yana gida."

*

Ishaku yana rumfar sikeli yana ɗinke bakin buhu. Saurayi ne dogo, ramamme, da silifas na roba da aka ɗaure igiyar ɗaya da waya. Ya miƙe ya gaishe shi da ladabi.

"Ka san abin da ake faɗa a kanka?"

"Na sani, Yaya Gwadabe."

"Me ya sa suka sako ka da wuri?"

"Fitsarin jini na fara. Suka ga zan mutu a hannunsu, suka ajiye ni a ƙofar asibiti." Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin wani. "Na gaya wa mutane. Suka ce wannan ma cikin shirin ne."

"To lokacin fatur ina kake zuwa?"

Ishaku ya ci gaba da ɗinki.

"Ɗan'uwa, gobe za a kore ka. Ni ba ɗan sanda ba ne. Ka ba ni abin da zan riƙe."

"Ban taɓa kwamfutar kowa ba. Ban ma iya ba. Wannan zan iya rantse maka da Alƙur'ani."

"Sauran fa?"

"Sauran, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Haushi ya kama Gwadabe. Ba abin da ya tsana kamar mutumin da ruwa ke ci, a miƙa masa sanda ya tsaya yana karin magana. Amma ya lura da abu ɗaya. Mai ƙarya yakan cika ka da bayani, wannan kuwa rowar bayani yake yi.

*

Awadiyya tana da murhun shayi a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ba Bahausa ba ce, amma shekarun da ta yi tana zuba wa Hausawan kasuwa shayi sun ba ta Hausa mai kauri da sanin cikin kowa. Gwadabe ya zauna a ɗan kujerarta ya nemi jabana, gahawar Sudan.

"Hajja, ke ce kike ganin kowa. Ishaku kullum yake gudun tire?"

"Kullum ina? Yaron da ke cin waken ful kamar an aiko shi? Rana biyu ne a mako ba ya fitowa. Ni har na zaci koyi yake da Haj."

"Koyi da me?"

"Azumi mana. Haj ba ya shan Litinin da Alhamis, tun ina yarinya a wurin nan. Ranakun ba na kai masa shayi, ba ya fitowa tire, yana ɗakinsa yana lazimi. To shi ma Ishaku ranakun ne ba ya zuwa. Amma ba azumi yake ba, miskin, don da azahar yakan zo ya sayi biskit ya ci a tsaye."

Gwadabe ya ajiye ɗan kofin a hankali. Ya koma ciki ya tambayi Mawahib ranar da jirgi ya bar kayansu. Litinin ce. Ta ce akwai kuma wata ranar da abin ya sa ta kuka a gaban allo; ita fa? Ta yi tunani, ta ce washegari Juma'a ce, don ta tuna ta kwana da baƙin ciki ba aiki.

Ya rubuta mata lambar wayarsa, ya ce gobe in kwamfutar ta mutu ta yi masa fulashin kawai. Sannan ya leƙa ɗakin Haj ya ce bai ga komai ba tukuna, sai gobe da la'asar zai dawo.

*

Da hantsin Alhamis yana zaune a shagon wani mai turare a tsallaken titi. Ya ga an fito da tiren ful da man riɗi da albasa, maza sun kewaye shi a gindin bishiya. Ba Haj, ba Ishaku. Ba a jima ba wayarsa ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya.

Ya tsallako. Ba a wuce tire a ƙasar nan, dole ya tsuguna ya gutsuri burodi ya dangwala, ya ce ya manta sukundireba ne jiya. Ya shiga wajen Mawahib, bai ko kalli allonta ba, ya durƙusa gaban akwatin. Fitilar matacciyar waya tana ƙyaftawa.

Ya zauna a ƙasa ya jira. Da fitilar ta mutu, ya ce wa Mawahib ta sake gwadawa. Intanet ya dawo. Ya ƙara jira har ya ji an rufe ƙofa a can baya, sannan ya fita tsakar gida.

Kowace safiya ana yayyafa wa tsakar gidan ruwa don kwantar da ƙura, saboda haka ƙasar tana riƙe sawu kamar an buga hatimi. Daga ƙofar baya ta ɗakin Haj zuwa sito, ga sawun markub, ga ramin sanda a gefen dama, tafiya da dawowa. Wannan bai ba shi mamaki ba, tun jiya ya zata. Ɗayan sawun ne ya tsayar da shi. Silifas na roba, ɗaya da alamar waya a ƙasansa, ya fito daga rumfar sikeli ya zo ya tsaya taki kaɗan daga ƙofar sito. Mai shi ya daɗe a wurin, don ƙasar ta dannu, ya riƙa sauya ƙafa. Diddigen suna wajen ƙofa. Yatsun suna kallon lungun da ke shigowa daga ɗakunan gaba.

Gwadabe ya zagaya sawun, ya sake dubawa. Ko sau ɗaya ƙafar ba ta juya ta fuskanci ƙofar ba. Ya daɗe a tsugune.

*

Haj Salih yana kan darduma da carbi, idanunsa jajur. Gwadabe ya rufe ƙofa ya zauna a ƙasa kusa da shi.

"Ya Haj, ku yi mini afuwa a kan abin da zan faɗa. Kwamfutar da ke cikin sito ta Hussein ce?"

Carbin ya tsaya. Dattijon ya dube shi kamar zai tashi ya kore shi, sai kuma kafaɗunsa suka sauka.

"Daren da zai tafi ya nuna mini. Ya ce Baba, waya ana saurare, wannan ta fi dama. Ka soka wannan, ka danna wannan, zan fito." Ya goge fuska da gefen rawani. "Na tsaya a gaban jama'a na ce ba ni da ɗa. Ka taɓa ganin wanda hannunsa ya ruɓe ya yanke ya yar? Yau ma sallama na shiga yi masa, na ce an gano mu, an sa mini mai saurare a ƙofa."

"Ba wanda ya gano ku. Ba na'urar kowa a gidan nan sai taku. Da Hussein ya tafi, mai gyara ya ga lambarsa ba kowa, ya ba kwamfutar Mawahib. In ta rufe tata ta ci abinci, ku kuma kun kunna tasa, sai ta dawo ta tarar da mai kujera a kan kujerarsa. Shi ke nan abin da ke faruwa."

"Ni ne?" in ji Haj, da ƙaramar murya. "Jirgin nan, ni ne?"

"Ba da sani ba."

"To yaron fa? Da idona nake ganinsa yana barin ƙofar in na buɗe."

"Ku zo ku gani."

Ya kai shi tsakar gida, ya nuna masa da tsinke. "Mai saurare yana fuskantar ƙofa, ya matso, nauyinsa a kan yatsu. Wannan ya ba ƙofa baya, idonsa a kan hanyar da mutum zai shigo. Ya Haj, wannan tsayuwar mai gadi ce."

Haj Salih ya dafa sandarsa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Ka ce musu na'ura ce ta samu matsala," ya ce daga baya. "Ai gaskiya ne."

"Gaskiya ne, kuma zan faɗa. Sirrinku ba zai fito daga bakina ba, ba nawa ba ne. Amma kun fi ni sanin mutanenmu. In na ce na'ura ce, za su ce an rufe maganar ne. Zai ci gaba da aiki, sunan kuma zai bi shi har kabari."

"In na yi magana, a cikin mutum bakwai wa ya san wanda zai kai ta gaba? Lasisi, gidan nan, uwarsa..."

"Ban sani ba, ya Haj. Wallahi ban sani ba."

*

Bayan la'asar aka taru a babban ɗakin gaba. Abdulganiyu ya kame a kujera, direba da masu dako biyu suna jingine da bango, Mawahib a bayan teburinta. Awadiyya ta shigo kwashe kofuna ta ƙi fita. Ishaku ya tsaya kusa da ƙofa, ya riga ya ciro makullin rumfar sikeli yana riƙe da shi. Ta tagar da ke kallon titi ana jin hayaniyar masu raksha.

Gwadabe ya yi bayani a taƙaice. Kwamfuta biyu ne ke rigima a kan lamba ɗaya. Ba wanda ke karanta saƙon kowa, ba abin da aka dasa. Ya sauya wa ta Mawahib lamba a gabansu, aikin da bai kai shan kofin shayi ba, ya ce ba za ta sake yi ba.

"Tamam, mun ji," in ji Abdulganiyu. "Kwamfuta biyu. Ga ɗaya. Ina ɗayar, kuma ta wa ce?"

"Tsohuwa ce ta gidan nan."

"Wa ke kunna ta? Aljani?" Ya juya ga Ishaku. "Kai, ina kake zuwa lokacin fatur? Ka faɗa a gaban Baba Haj."

Ishaku ya sunkuyar da kai yana kallon makullin da ke hannunsa.

"Kun gani? Bashmuhandis, ma'alesh, ka yi haƙuri, kai na'ura ka sani, mu mun san mutum."

Masu dako suka gyaɗa kai. Gwadabe ya ji gumi na bin bayansa. Yana da amsa a bakinsa, kuma ba shi da ikon furta ta. Ya kalli ƙasa. Ishaku ya tako a hankali ya ajiye makullin a kan tebur gaban Haj.

"Na gode da zaman da muka yi, Baba Haj. A yafe mini."

Ya juya zai fita.

"Ishaku, tsaya."

Haj Salih ya miƙe da ƙyar. Bai kalli kowa ba, ya kalli bango.

"Ni ke kunna ta. Kwamfutar Hussein ce." Sunan ya fito da kakkarwa, ya sake maimaita shi da ƙarfi. "Hussein ɗana. Ina da ɗa mai wannan suna, yana Alƙahira, yana wanke kwanuka a gidan abinci, kuma ina magana da shi duk Litinin da Alhamis a cikin sito. Ni na kashe wa Mawahib layi ban sani ba. Ni na sa jirgi ya tafi. Yaron nan da na tara ku don in kora, tsayawa yake a ƙofa don kada wani ya shigo ya same ni. Ban sa shi ba. Ban ma sani ba sai yau."

Mawahib ta rufe baki da gefen mayafinta.

"Yanzu kun sani, ku duka. Wanda ya ga dama ya kai inda ake kaiwa. Na gwammace haka da in tashi gaban Allah da sunan yaron nan a wuyana." Ya ɗauki makullin ya miƙa wa Ishaku. "Ɗana, ka yafe mini. Amma don Allah ka gaya mini, me ya sa? Me na taɓa yi maka?"

Ishaku ya karɓa da hannu biyu. Ya jujjuya makullin a tafinsa.

"Ba komai, Baba Haj. Ina rumfa wata rana na ji kuna kuka. Na ga bai kamata wani ya ji ba."

Awadiyya ta ajiye kofunan ta fashe da kuka a fili, ba kunya. Direba ya share ido da hularsa. Abdulganiyu ya zauna baki buɗe, fuskarsa ta yi wani iri, kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Ya dubi baffansa, ya dubi Ishaku. Sannan ya tashi da nauyin jikinsa, ya taka zuwa tagar da ke kallon titi, ya leƙa dama da hagu, ya jawo ta ya rufe, ya sa sakata.